Hukuncin Mai Da Kiɗan Jita Sana'a Da Koyar Da Shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 12 ke nan ina kaɗa jita, irin mai tsirkiya shida ta nailan da ake kaɗawa da yatsu, ba waƙa ba rawa. Ana gayyata ta zauren taro in kaɗa mutane suna zaune shiru, kuma ina da ɗalibai da ke biyana. Abin da nake ci halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya.

Na san irin kiɗan da kake nufi, wanda Andrés Segovia ɗan Sifaniya, da ya rasu a 1987, ya kai manyan zauruka. Babu batsa a cikinsa, na yarda. Sai dai malaman fiƙihu sun yi maganar kayan kiɗan ne a kan kansu, ko da waƙa ko babu.

Mashhurin zance a mazhabobi huɗu shi ne haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya. Hujjarsu mafi ƙarfi hadisin da Bukhari ya kawo, cewa za a sami wasu mutane cikin al'umma suna halatta zina da alharini da giya da ma'azif, wato kayan kiɗa. Suna ƙarawa da aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda Ibn Mas'ud ya fassara da waƙa. A Risala ma, Ibn Abi Zaid ya hana mutum ya saurari kayan kiɗa da gangan.

Akwai masu saɓawa, kuma ba ƙananan mutane ba ne. Ibn Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya ce isnadin hadisin, wato jerin masu ruwaito shi, a yanke yake, ya halatta kiɗa har da sayar da kayansa. Ibn Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani, suka nuna hadisin a sadar yake ta wasu hanyoyi, kuma a nan gaskiya tana tare da su. Shaukani ya hakaito sauƙaƙawa daga wasu mutanen Madina. A zamaninmu Ƙaradawi ya halatta da sharuɗɗa. Amma kada a ja maka sunan Gazali, domin duk da sassaucinsa a kan sauraro, ya ware masu tsirkiya ya hana su, jita kuwa a cikinsu take.

Abin da na rinjayar shi ne zancen jamhur, wato mafi yawan malamai, na haramci. Tambayarka kuma ta wuce sauraro, ta shiga ijara, wato yin aiki don a biya ka. Sharaɗin ijara shi ne amfanin da ake biya dominsa ya zama halal, don haka lada yana bin hukuncin aikin. Koyarwa ce ta fi damuna, saboda wasa a zaure yana ƙarewa a daren, ɗalibi kuwa yana tafiya da abin har ƙarshen rayuwarsa, ya kuma koya wa wani. Ba na ganin ya halatta ka gina abincin iyalinka a kan wannan.

Kuɗin da ka ci a baya kana zaton halal ne, babu ramuwa a kanka. Wurin da ake giya ko rawar maza da mata, ka bar shi yau, domin ko masu halattawa ba su yarda da shi ba. Kada ka karɓi sabon ɗalibi. Wanda ya biya kuɗin darasin da ba a yi ba, ka mayar masa. In wannan ce kaɗai hanyar cin abincinka, ka tsaya a gwargwadon buƙata kana neman wata da gaske. Kunnen da ya horu shekara 12 yana da kasuwa a gyaran sauti da ɗaukar murya.

Abokan sana'arka da suka bi fatawar masu halattawa bisa gamsuwa da hujja, kada ka kira su fasiƙai, mas'alar ta saɓani ce.

Wallahu a'alam.