Akanta ne ya yi kuskure, ni za a ci tara?

Tambaya: Ina da shagon kayan abinci a Bronx, birnin New York. Hukumar haraji ta IRS ta aiko mini takarda cewa harajin da na biya bai cika ba, har da tara a kai. Akanta ne ya cike mini takardun. Da mafita?

Amsa: Alhaji, da mafita, amma ta tarar ce kaɗai. Cikon harajin da kuɗin ruwan da ya hau kansa sai ka biya, ko kuskuren na waye.

Tarar nan kashi 20 cikin ɗari ce na giɓin, a sashe na 6662 na dokar harajin Amurka. Giɓin dala 10,000, tara dala 2,000. Sashe na 6664 ya ba da damar ɗauke ta idan kana da hujja kuma da zuciya ɗaya ka yi. A shari'ar Neonatology ta 2000, kotun haraji ta ce sai akantan ya kasance ƙwararre, ka ba shi cikakken bayani, sannan shawararsa ka bi da gaske.

Wajen cikakken bayanin nan 'yan kasuwa ke faɗuwa. Cinikin tsabar kuɗi da ake zarewa daga durowa da dare ba a rubuta ba, da kuɗin da mai saye ya turo ta Zelle, hanyar tura kuɗi ta waya, zuwa asusunka na ƙashin kanka, in akanta bai gan su ba, ba ka da bakin cewa shi ya ɓatar da kai. Miƙa masa jakar rasit ma ba neman shawara ba ne. Sai ka nuna ka tambaye shi a kan abin da ake taƙaddama, ya ba ka amsa. Wanda kuwa ya cike takarda ya ƙi sa hannu da lambarsa ta PTIN, wato lambar da IRS ke ba masu cike wa mutane takardun haraji, da wuya sunansa ya fisshe ka.

Makara wajen miƙa takardu daban ce. Tun shari'ar Boyle ta 1985 Kotun Ƙoli ta ce kiyaye ranar nauyinka ne.

Yau ka tattaro saƙonninku na imel da na waya, da kwafin duk abin da ka ba shi. Nemi wani akanta ko lauya ya rubuta amsar, domin na farkon kansa zai kare. Duba kwanan watan takardar: in sanarwar giɓin haraji ce, kwana 90 gare ka ka kai ƙara kotun haraji ba tare da ka fara biya ba.