Tambaya da Amsa: Wai kwamfuta na gane shara a bakin teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo a Facebook wai a wasu tsibirai ƙaramin jirgi mara matuƙi ne ke ɗaukar hoton bakin teku, kwamfuta ta duba ta gane robobi ta ƙirga su. Da gaske ne ko shaci-faɗi? Kuma in ta ƙirga sai me, tunda dai ba ita za ta kwashe ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, da gaske ne. Jirgin kan tashi ƙasa-ƙasa ya bi gaɓar teku yana ɗaukar hotuna, amma kafin nan sai mutane sun zauna sun bi dubban hotuna suna yi wa kowane abu alama, wannan gorar ruwa ce, wannan silifas, wancan ɓawon kwakwa ne ba roba ba, har manhajar ta saba ta fara ganewa da kanta. Masu bincike daga wata jami'a a Milan ta Italiya sun gwada haka a tsibiran Maldives, suka fitar da sakamako a 2019. Tana kuskure fa. Inuwa da ƙyallin rana kan rikita ta, farin dutsen teku ta ɗauka leda ce, abin da yashi ya binne kuwa sam ba ta ganinsa.

Tambayarki ta biyu ita ce mai nauyin. A wasu tsibiran yawancin sharar nan ba mutanen wurin suka zubar ba, igiyar ruwa ce ke kawo musu daga nesa. Dubi Aldabra na ƙasar Seychelles, wurin da kusan ba kowa sai ma'aikatan bincike da manyan kunkuru, a 2019 wata tawaga ta yi mako 5 tana kwasa da hannu ta tara tan 25, galibi tarkacen kayan kamun kifi da silifas, sai lissafi ya nuna akwai sauran tan 513 kuma kwashe shi zai ci dala miliyan 4 da rabi da ɗoriya. To wanda kuɗinsa bai kai ba dole ya san ina sharar ta fi taruwa kafin ya ƙona man jirgin ruwa a banza. Nan ne hoto ke da rana, ya ce maka je can, bar nan, bayan wata shida kuma a sake ɗauka a ga ko ta dawo.

Bayan kwasa sai wata wahalar, ina za a kai ta? Roba ba nauyi sai cin wuri, kuɗin dakonta zuwa masana'anta a babban gari kan cinye ribar, ga wadda rana da gishiri suka ci ta riga ta yi rauni ba kowa ke saye ba. Shi ya sa abin da aka yi a Lamu ta Kenya ya burge ni. Tsohon gari ne na Musulmi masu jin Suwahili, lungunansa jakuna ne ke dako, jakunan kuma na haɗiyar leda a juji. Sai aka tara robar aka sarrafa ta, a niƙa a narka a zuba ta zama kamar katako, wani maƙerin jiragen ruwa na garin, Ali Skanda, ya jagoranci haɗa jirgin ruwa mai filafilai da kusan tan 10 na roba, aka lulluɓe jikinsa da tsofaffin silifas wajen 30,000. Flipflopi sunansa. A farkon 2019 ya tashi daga Lamu har Zanzibar, tafiyar kusan kilomita 500.

TAMBAYA: Malam ni sana'ata gwangwan, ko kyamarar waya za ta iya raba min kalar roba? Daga wani mai karatu a Legas.

AMSA: Ɗan'uwa, siffa kawai kyamara ke gani, za ta ce wannan gora ce wannan bokiti, amma sinadarin da aka yi su da shi sai wata na'ura mai haska hasken da ido baya gani, wadda manyan masana'antu ke sawa a kan bel, ita ma baƙar roba na ba ta wahala. Kai dai juya gindin abin ka duba lambar cikin alwatika, 1 gorar ruwa da lemo, 2 jarka, 5 galibi bokiti da kujera. In lambar ta goge gutsuro kaɗan ka jefa a ruwa, mai lamba 1 nitsewa take, 2 da 5 su taso sama, shi ya sa ma ake cire murfin gora a tara shi daban.