Masu Kai Saƙo Ta Manhaja: Ma'aikata Ne Ko 'Yan Kwangila?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin kai saƙo da ke aiki ta manhajar waya: mai kaya zai nemi a kai masa, manhajar ta haɗa shi da mai babur. Duk wanda zai yi aiki da mu sai ya sa hannu a takardar da ta ce shi ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikacinmu ba. Mu ke tsayar da kuɗin kowane saƙo, kuma manhajar takan rufe asusun wanda ya yawaita ƙin karɓar aiki. Na ji ana cewa dokoki suna sauyawa a kan wannan batu a ƙasashe da dama. Shin takardar nan ta isa ta kare mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Takardar tana da amfani, amma ita kaɗai ba za ta kare ka ba, kuma abubuwa biyun da ka ambata, wato tsayar da farashi da rufe asusu, su ne farkon abin da alƙali zai tsaya a kai idan magana ta je gabansa. A 'yan shekarun nan kotuna da majalisun dokoki da yawa sun karkata ga duba yadda aiki ke gudana a zahiri, suna mayar da sunan da aka rubuta a takarda abu na biyu.

Wannan ƙa'ida ta girmi manhajojin waya. Tun a 2006 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da Shawara mai lamba 198, wadda ta ce a tantance dangantakar aiki bisa haƙiƙanin yadda ake yin aikin da yadda ake biya, ko da ɓangarorin biyu sun kira dangantakar da wani suna dabam. Ta kuma kawo alamomin da za a duba: ko mutum yana aiki ƙarƙashin umarnin wani, ko dole shi da kansa zai yi aikin, ko wa ke samar da kayan aiki, ko wannan aikin ne babbar hanyar samun kuɗinsa, ko kuma yana ɗauke da haɗarin riba da asara kamar kowane ɗan kasuwa. Shawarar ba doka ba ce da ke ɗaure ƙasashe, amma hikimarta a bayyane take. Mai neman aiki ba shi ke rubuta yarjejeniya ba, miƙa masa ita ake yi ya sa hannu ko ya tafi, saboda haka da a ce rubutun ne ke yanke hukunci, da kowane kamfani ya kuɓuta daga dokar ƙwadago da layi ɗaya na lauyansa.

Hukuncin da ya fi kusa da halinka shi ne wanda Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke ranar 19 ga Fabrairu, 2021, a shari'ar da aka yi tsakanin Uber, kamfanin sufuri ta manhaja, da Aslam, ɗaya daga cikin direbobinsa. Kamfanin ya ce shi dillali ne kawai da ke haɗa direba da fasinja, kuma takardunsa ma haka suka nuna. Alƙalan baki ɗaya suka ƙi amincewa, bisa dalilai biyar. Kamfanin ne ke tsayar da kuɗin tafiya, don haka shi ke tsayar da abin da direba zai samu. Shi ke rubuta sharuɗɗan aiki ba tare da direba ya sa baki ba. Da zarar direba ya kunna manhaja, ana hukunta shi idan ya yawaita ƙin karɓar tafiya. Ana sa masa ido ta makin da fasinjoji ke bayarwa. Sannan an taƙaita hulɗarsa da fasinja yadda ba zai iya mayar da shi abokin cinikinsa na kansa ba. Ka lura, biyu daga cikin biyar ɗin suna cikin tambayarka, kuma da wuya sauran ukun su rasa a manhajarka. Kotun ta ƙara da wani abu da ya fi taɓa aljihu: lokacin aiki ya haɗa da lokacin da direba ya kunna manhaja yana cikin yankin aikinsa a shirye yake ya karɓi tafiya, ba lokacin da fasinja ke cikin mota kaɗai ba. Wata guda bayan hukuncin, kamfanin ya sanar da cewa zai ba direbobinsa sama da 70,000 a Birtaniya mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu da fansho.

Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa idan ana kawo wannan hukunci. Dokar Birtaniya ta kasa masu aiki gida uku: cikakken ma'aikaci, da mai zaman kansa, da wani rukuni a tsakiyarsu. A rukunin tsakiyar aka sa direbobin, wanda ke da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, amma ba shi da kariya daga kora ba bisa ƙa'ida ba. Inda doka ta san gida biyu kawai, alƙali ba shi da wannan mafita, kuma idan ya ga iko ya yi yawa, cikakken ma'aikaci zai kira mai babur ɗinka.

Ba kuma kullum kamfanoni ke faɗuwa ba. Ita dai Kotun Ƙolin Birtaniya, a Nuwamba 2023, ta ce masu kai abinci na Deliveroo ba sa cikin dangantakar aikin da za ta sa a tilasta wa kamfanin zama da ƙungiyarsu don ciniki kan albashi, babban dalili kuwa shi ne suna da 'yancin turo wani ya yi aikin a madadinsu, kusan ba tare da wani sharaɗi ba. Amma a Maris na wannan shekarar Kotun Ƙolin Holan ta riga ta ce masu kai abinci na wannan kamfani ma'aikata ne, duk da cewa su ma an ba su damar turo madadi, domin ta ga damar ba ta da wani tasiri a zahirin aikin. Kamfani ɗaya, aiki kusan iri ɗaya, hukunci biyu. Na kawo wannan ne domin na san abin da wasu masu ba da shawara za su gaya maka, wato ka ƙara sakin layi a takarda cewa mai babur na iya turo ɗan'uwansa. Idan manhajarka tana buƙatar hoton fuskar mai asusu kafin a fara aiki, sakin layin ya mutu tun kafin a karanta shi.

Sauyin da na fi ganin nauyinsa ba daga kotu ya zo ba, daga majalisa ne, kuma ya shafi wanda nauyin kawo hujja ke kansa. A al'adar shari'a mai ƙara ne ke tabbatar da da'awarsa, wanda ke nufin mai babur ne zai ɗauki lauya ya shafe shekaru yana nuna cewa shi ma'aikaci ne. Sifaniya ta juya wannan a 2021, bayan Kotun Ƙolinta ta yanke hukunci a Satumba 2020 cewa wani mai kai saƙo na kamfanin Glovo ma'aikaci ne: dokar ta ɗauka tun farko cewa mai kai saƙo ta manhaja ma'aikaci ne, kamfani ne zai nuna akasin haka. Deliveroo ya bar ƙasar kafin shekarar ta ƙare. Glovo ya ci gaba da tsohon tsarinsa, aka ci shi tarar kusan yuro miliyan 79 a 2022, daga bisani a Disamba 2024 ya sanar da cewa zai ɗauki masu kai saƙonsa a matsayin ma'aikata.

Tarayyar Turai ta bi wannan hanya da Umarni mai lamba 2024/2831, wanda aka amince da shi a Oktoba 2024, aka kuma ba ƙasashe mambobi zuwa 2 ga Disamba, 2026, su shigar da shi cikin dokokinsu. A 2021 Hukumar Tarayyar ta ƙiyasta cewa cikin mutum kusan miliyan 28 da ke aiki ta manhajoji, kimanin miliyan 5.5 ana iya samun an sa su a rukunin da ba nasu ba. Daftarin farko na 2021 ya jera alamomi biyar, in biyu suka tabbata a ɗauki mutum ma'aikaci, amma an cire jerin bayan doguwar taƙaddama, aka bar wa kowace ƙasa ta fayyace abin da ke nuna umarni da iko. A ganina wannan ya raunana umarnin, domin za a ci gaba da samun saɓani irin wanda muka gani tsakanin kotuna, amma juyar da nauyin hujja ya tsira, kuma shi ne ƙashin bayan abin.

Rabi na biyu na wannan umarni ya shafi rufe asusun da ka ambata kai tsaye, kuma yawancinsa yana aiki ko mutum ma'aikaci ne ko mai zaman kansa. Duk shawarar dakatarwa ko rufe asusu dole ɗan Adam ya yanke ta, ba lissafin manhaja ba. Wanda abin ya shafa yana da haƙƙin a ba shi dalili a rubuce, ya nemi a sake dubawa, a kuma amsa masa cikin mako biyu. An hana manhaja tattara bayanai kan yanayin zuciyar mai aiki, ko hirarsa ta sirri, ko bibiyarsa lokacin da ba ya bakin aiki. A nan dokar ƙwadago da dokar kare bayanan mutane suka haɗu, don haka ko ka yi nasarar nuna cewa mutanenka 'yan kwangila ne, korar da na'ura ta yi ba tare da wani ya duba ba tana iya zame maka wata shari'ar dabam.

Akwai wuraren da suka ɗauki wata hanya. A Kalifoniya ta Amurka an yi doka mai tsauri kan ɗaukar mutum ɗan kwangila da ta fara aiki a Janairu 2020, sai kamfanonin manhajoji suka kashe sama da dala miliyan 200 wajen kamfen ɗin ƙuri'ar raba-gardama a Nuwamba na shekarar, suka samu a bar direbobi a matsayin masu zaman kansu da wasu 'yan haƙƙoƙi, Kotun Ƙolin jihar kuma ta tabbatar da hakan a Yuli 2024. Singafo ta ƙirƙiri rukuni na musamman na masu aiki ta manhaja daga 1 ga Janairu, 2025, mai diyyar rauni a bakin aiki da gudummawar asusun ritaya. A Ostireliya babbar kotu ta fifita rubutacciyar yarjejeniya a 2022, majalisa ta mayar da hankali kan zahirin aiki a 2024. Ita ma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a taronta na Yuni 2025, ta amince a tsara yarjejeniya mai ɗaurewa kan aikin manhajoji. Ko inda kamfanoni suka yi nasara, da wuya ka ga an bar masu aikin hannu rabbana.

Abin da kake kasadarsa ya wuce albashin gobe. Idan aka yanke cewa mutanenka ma'aikata ne, ana iya bin ka bashin abin da ya wuce: cikon albashi, kuɗin hutu, gudummawar fansho da harajin da ya kamata ka cire, gwargwadon shekarun da dokar wurin ta yarda a koma baya. Idan mai babur ya buge wani yana kan saƙonka, dokoki da yawa suna ɗora wa mai aiki alhakin ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Ranar da za ka nemi masu zuba jari ko ka sayar da kamfanin kuwa, lauyoyinsu za su lissafa duk wannan a matsayin bashin da ke jiran ka, su rage shi daga farashi.

Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa da gaske. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: idan kasuwancinka ba zai yiwu ba sai kai ke tsayar da farashi, kai ke raba aiki, kai ke hukunta wanda ya ƙi, to ka lissafa kuɗin ɗaukar su ma'aikata, ko da na wasu sa'o'i ne a rana, ka sa shi cikin kuɗin saƙo tun yanzu. Idan kuwa 'yan kwangila kake so, sai ka saki iko a aikace: su iya ƙin aiki ba tare da ya taɓa asusunsu ba, su iya yi wa wasu kamfanoni aiki, su sami bakin magana a farashi, turo madadi kuma ya zama abin da ake yi har akwai shaidarsa.

Ko wanne ka zaɓa, abubuwa uku ba sa jira. Ka yi musu inshorar haɗari, domin rauni ko mutuwa a kan hanya shi ne ya fi saurin kai irin wannan magana kotu. Ka cire rufe asusu daga hannun manhaja, ka damƙa shi ga ma'aikacin da zai rubuta dalili ya kuma saurari ƙorafi. Sannan idan za ka ga lauyan da ya san dokar ƙasar da kamfaninka ke aiki, kada ka kai masa yarjejeniyar kaɗai. Ka haɗa da saƙonnin da ake tura wa masu babur, da ƙa'idar da manhaja ke bi wajen raba aiki, da jerin asusun da aka rufe tare da dalilin rufe kowanne.