Tambaya da Amsa: Wane ne Josep Borrell?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Don Allah wai wane ne wannan Borrell ɗin da muka riƙa ji a rediyo lokacin yaƙin Gaza? A majalisarmu ta mai shayi an yi ta musu, wasu sun ce shugaban ƙasa ne, wasu sun ce a Majalisar Ɗinkin Duniya yake aiki. Daga mai karatu, wani ƙauye kusa da Ringim, Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To gaskiya duk ɓangarorin biyu ba su canka ba. Ɗan siyasar Sifaniya ne, shi ne babban jami'in harkokin waje na Tarayyar Turai daga 2019 zuwa ƙarshen 2024, da ya sauka Kaja Kallas ta Estoniya ta karɓa.

An haife shi a 1947 a wani ɗan ƙaramin gari a yankin Kataloniya, babansa mai gidan burodi ne, amma yaron ya yi karatu har ya zama injiniyan jiragen sama, ya haɗa da ilimin tattalin arziki, daga nan ya faɗa jam'iyyar gurguzu ta PSOE. Ya yi ministan ayyuka daga 1991 zuwa 1996, ya shugabanci majalisar dokokin Turai daga 2004 zuwa 2007, a 2018 kuma ya zama ministan harkokin wajen Sifaniya.

Abin da ya sa sunansa ya zauna muku a kunne, mutumin bakinsa ba linzami, ba kamar sauran 'yan diflomasiyya masu tauna magana ba. A kan Gaza ya fito ƙarara ya ce ana amfani da yunwa a matsayin makami, alhali wasu ƙasashen da yake wakilta irin su Jamus ba sa son jin haka, kuma fa shi ɗin nan yana saurayi a 1969 ya taɓa zama a wata gonar haɗin gwiwa a Isra'ila.

Amma kada ku yi saurin ɗaukarsa waliyyi. A 2022 shi ne ya ce Turai lambu ce, mafi yawan sauran duniya kuwa daji, maganar ta yi wa 'yan Afirka zafi sosai, sai daga baya ya ba da haƙuri.

Kuma ya zo nan maƙwabtanmu Nijar a watan Yulin 2023, shi da Bazoum suka buɗe tashar wutar sola ta Gorou Banda, wata bai cika ba sojoji suka yi juyin mulki.