Kafin ki karya farashi ko ki ƙara kuɗin talla

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce jakunkuna da takalman mata kike sayarwa, kin biya an tallata miki su a Facebook da Instagram, mutane sun yaba, saƙonni sun shigo, amma duk wadda ta tambayi "nawa ne?" sai ta yi ɗif, ba ki sake jin ɗuriyarta. Shi ne kike neman shawara ko ki rage kuɗin kayan, ko ki ƙara zuba kuɗi a talla. Ni labule da zanin gado nake sayarwa, na kuma daɗe a harkar. Shawarata ita ce kada ki yi ko ɗaya daga ciki tukuna.

Maganar ragi lissafi ne kawai. Ki ɗauka kina sayar da jaka a kan 100, ta iso hannunki a kan 80 har da kuɗin sufuri da na ledar da za ki saka ta. Ribarki 20 ke nan. In kika rage kashi 10 cikin 100, kin sayar a 90, riba ta koma 10. A ido ragin bai taka kara ya karya ba, amma rabin ribarki ce ta tafi, kuma sai kin sayar da ninki biyu kafin ki dawo inda kike a da. Ga ninkin wahala, ga ninkin aike, kuɗin kuma bai ƙaru ba. Sannan wadda araha ta kawo ta wurinki, araha ce za ta ɗauke ta gobe, domin babban ɗan kasuwa da ke saro kaya dila-dila zai iya sauka ƙasa da inda za ki iya kaiwa. Wani abin ma, a intanet araha mai yawa tsoro take ba mutane. Sai su ce jabu ne, ko kuma damfara.

Abin da nake so ki zauna ki duba shi ne shirun nan. Ki sa kanki a matsayin mai saye. Za ta tura kuɗinta ga wadda ba ta taɓa gani ba, a kan kayan da ba ta taɓa da hannunta ba. A ranta akwai tambayoyin da ba ta rubuto ba: abin da ke hoton nan shi zai zo? In takalmin ya matse ni fa? In na biya aka rufe waya, wa zan kama? "Nawa ne" shi ne kawai abin da ya fi sauƙin rubutawa. In kika amsa da lamba tsura, kin rufe zancen da kanki. Ta ɗauki lambar ta je ta gwada da ta wasu, ke kuma ba ki ba ta komai ba da zai bambanta ki da su.

Ga yadda nake yi in aka tambaye ni kuɗin labule. Nakan faɗi kuɗin kai tsaye, ba ɓoye-ɓoye. A saƙon kuma nakan ce ga faɗinsa, ga tsawonsa, kala uku suka rage, gobe zai iso, in bai yi daidai da tagar ba a dawo da shi a canza muddin ba a wanke ba. Sai in rufe da tambaya: "Hajiya, tagar falo ce ko ta ɗaki? Kin auna ta?" Da yawa ba su auna ba. Sai in ce ta ɗauko tef ta auna daga kan sandar labulen zuwa ƙasa, ta turo min. Matar da ta tashi daga zaune ta hau kujera ta auna tagarta saboda ke, da wuya ta kai wannan awon wurin wata. A naki kayan tambayar a fili take: lamba nawa take sawa, ƙafarta mai faɗi ce, jakar ta zuwa aiki ce da za a cusa mata takardu ko ta fita ce kawai.

Akwai ɗabi'ar nan da na tsana, a sa hoto a ce mai son jin kuɗi ta biyo ta saƙo. Ki rubuta farashi a ƙarƙashin hoton. Wadda aljihunta bai kai ba za ta wuce ba tare da ta ci miki lokaci ba, wadda ta yi magana kuma ta riga ta san inda aka dosa.

Hoto kuwa naki ya zama, ba wanda aka kwaso daga shafin kamfani ba. Ki ɗauka da rana kusa da taga, domin hasken ƙwan lantarki yana canza launi, kuma yawancin rigimar "ba wannan kalar na zaɓa ba" daga nan take tasowa. Ki yi ɗan gajeren bidiyo: ki zuge zif ɗin jakar ki rufe, ki juyo cikinta a ga ɗinkin, ki saka waya da ƙaramin littafi a ciki a gane girmanta. In akwai ɗan aibi ki nuna shi da kanki. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, tana da wurin jera kaya da farashinsu, da wurin ajiye amsoshin da kike yawan maimaitawa, da alamomi masu kala da za ki bambanta wadda ta tambaya da wadda ta biya da wadda ake jiran a kai mata. Saurin amsa ma ciniki ne, saboda mai tambayarki a lokacin tana tambayar wasu.

Amma inda kuɗin yake na gaske, ban ga kin ambace shi ba ko sau ɗaya: waɗanda suka riga suka saya a hannunki. Da tsohuwar zuma ake magani. Wadda ta taɓa biyanki kaya ya iso mata lafiya ta gama da tsoron da ke sa sababbi yin shiru, kuma ba ki biya kowa ko sisi ba kafin ki same ta. Ina da littafi mai ƙaton bango da nake rubuta kowace mai saye: sunanta, lambarta, abin da ta ɗauka, ranar, awonta, kalar da take so, da wadda ta turo ta. Bayan kwana biyu da kai kaya nakan tambaya ko ya zauna daidai. In sabon kaya ya zo, ba na watsa wa kowa da kowa. Nakan buɗe littafin in ga wace ce ta nemi ruwan toka aka rasa, in tura mata ita kaɗai da sunanta. Irin wannan saƙon ba a cika wuce shi ba amsa.

In kika riƙe littafin na ɗan lokaci za ki ga wani abu da kanki: 'yan tsirarun mutane ne ke kawo mafi yawan cinikinki, su saya, su dawo, su turo ƙawayensu. Masu nazarin kasuwanci suna kiran wannan ƙa'idar 80 da 20, suna jingina ta ga Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya da ya lura cewa kusan kashi 80 na filayen ƙasarsa suna hannun kashi 20 na jama'a. Ba lallai lissafinki ya faɗo daidai kan waɗannan lambobin ba, amma za ki gane mutanen. In akwai ragin da za ki yi, ko ɗan ihisani, su suka cancanta, ba baƙuwar da ta shigo tana taya kaya rabin kuɗinsa ba.

Ki riƙa roƙon kowace mai saye ta ajiye lambarki. Dalili shi ne saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wato wanda ake tura wa mutane da yawa lokaci guda (broadcast), mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki. Abin da kika ɗora a status ma, mai ɓacewa bayan awa 24, sai kun ajiye lambar juna za ta gani. Kada dai ki jefa mutane cikin rukuni ba da izininsu ba, yana ɓata rai ƙwarai. Littafin takarda kuma kada ki raina shi. Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, wato duk gida ɗaya ne. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 dukansu uku suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida. A ranar, mai lambobin kwastomominta a rubuce ta ɗaga waya ta kira su, mai taƙama da yawan mabiya kuwa sai jira. Balle a sace shafin mutum ko a rufe shi, wanda kullum muna jin yana faruwa.

Talla ba haramun ba ce, lokacinta ne bai yi ba. Idan kin gyara amsa da hoto, sai ki koma da ɗan kuɗin da ba zai taɓa uwar kuɗi ba, kaya ɗaya, a yankin da kike iya kai aike. Ki lura da manufar da kika zaɓa wajen biya, domin Facebook yana kai tallar ga masu halin yin abin da kika nema. In yabo da danna alamar so kika zaɓa, masu wannan ɗabi'ar zai kawo miki, kuma ina zargin abin da ya faru da ke ke nan. Ki zaɓi saƙonni. Duk wadda ta saya ki tambaye ta inda ta gan ki, ki rubuta. A ƙarshe ki raba kuɗin tallar da yawan waɗanda suka biya. In abin da kika kashe kan kowace mai saye ya haura ribar da kika ci a kanta, ki dakatar.

A wannan makon ki koma kan duk waɗanda suka tambaya suka yi shiru a watan nan, ki tura wa kowace bidiyon ainihin abin da ta tambaya, ki gaya mata akwai canji in bai yi mata ba. Sau ɗaya ya isa, kada ki dame su. In ba damuwa, ki ɗauko hoton hira biyu ko uku daga cikin waɗanda suka mutu, ki goge sunaye da lambobi, ki turo mu duba tare inda zancen yake tsinkewa. Allah ya kawo kasuwa mai albarka.