Gidajen Brighton da ka tambaye ni

Habu na ga saƙonka tun jiya da daddare, kace kana kallon ƙwallon Brighton aka hasko garin, ka ga fararen benaye a jere daf da teku, shine kake tambaya wai Oga da me aka gina su har suka kai shekara 200 gishiri bai cinye su ba, bayan ni da bakina na ce maka iskar teku tana cin rodi. Wlh tambayar ta min daɗi, don wanda ke kallon bola idonsa na kan bango shi ne zai zama magini.

Garin nan asalinsa ƙauyen masunta ne a kudancin Ingila, kusan mil 50 daga Landan, sunansa ma Brighthelmstone a da. Guguwar teku ta 1703 da ta 1705 ta kwashe gidajen da ke ƙasa ƙasa bakin ruwa, gari ya tsiyace mutane suka ragu zuwa wajen 2,000. Sai wani likita Richard Russell ya fitar da littafi a 1750 yana cewa ruwan teku magani ne, a yi wanka da shi har a sha, shi kansa ya dawo garin ya gina gida, masu kuɗi suka fara tururuwa ana saka su a wani ɗan ɗakin katako mai taya a tura cikin ruwa a tsoma su. 1783 yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki George na 4, ya zo garin ya kwanta masa, to kasan inda sarki ya sa ƙafa fadawa da attajirai sai sun bi. A 1801 mutane dubu 7 da ɗoriya ne, kafin 1831 sun haura dubu 40, jirgin ƙasa daga Landan kuma ya iso 1841.

To ka ɗauka kai ne magini a lokacin, kowa na son gidan haya mai kallon teku kuma yau yau yake so, jan bulo da tsada har haraji gwamnati ta sa masa. Sai suka koma ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Su kafa katako gefe biyu kamar yadda muke yi in za mu zuba linta, su kwaɓa farar ƙasa da aka ƙona da yashi mai tsakuwa, su jefa duwatsun bakin teku da irin dutsen ƙyastu da ɓaraguzan bulo, wani lokacin har guntun itace, in ya kama a cire katakon a ɗaga sama. Bungaroosh suke ce masa. Daga nan a bi fuskar da filasta mai santsi a ja layi layi kamar sassaƙaƙƙen dutse a shafa fenti, wanda ka gani a talabijin kenan, da yawansu cikinsu wannan haɗin ne. Wasu ma katako ne aka manna wa baƙin tayil mai ƙyalli ya fito kamar bulo, irin na wani jerin gidaje a garin da ake kira Royal Crescent.

Amsarka ta farko dai babu rodi cikin bangon balle gishiri ya ci, ƙarfen yana baranda ne kuma shi kam yana tsatsa, fenti ake bin sa da shi ba fashi. Ta biyu ita nake so ta zauna maka a kai. Farar ƙasa tana shan danshi kuma tana sakin sa in iska ta buga, muddin an bar mata hanya. Amma bangon ba shi da ƙwari sosai, ko ƙusa za ka buga ko dai ta haɗu da dutse ta lanƙwashe ko wurin ya zube gari, in ruwa ya samu shiga ya zauna kuwa ruɓewa yake. Babbar ɓarnar da aka yi wa gidajen daga baya ita ce masu gyara da suka zo da siminti suka lafta a kai, siminti ya ɗan tsage ruwa ya shiga ya rasa ta inda zai fita.

Ni na taɓa yin irin wannan da hannuna ina saurayi, wani tsohon zaure na ƙasa mai gidan yace a masa filastar siminti, na yi ta fito tas har ana yaba min. Damina biyu na dawo na ƙwanƙwasa da bayan cokali naji tana amsawa kamar ƙwarya, na sa yatsa ta wata tsaga ƙasar ciki jiƙe sharkaf kamar kunu, kafin kaka falle guda mai faɗin ƙofa ya faɗo, Allah ya tsare ba yaro a wajen. Har yau abin na cina a rai, don da yaɓen ƙasa da makuba na yi masa da zauren bai lalace haka ba.

Gidan da za mu je gobe bangon baya na ƙasa ne, kar ka kwaɓa komai sai na iso mun kankare gefe ɗaya mun ga cikinsa, ka taho da guduma da kurfi, kuma ka karya kafin ka fito don aikin zai kai mu azahar.