Amsa ga mai son sarrafa na'urar samar da sigina daga laftof

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya: kana gwada filta, wato da'irar da ke tace sigina, don furojet ɗinka, kana murɗa maɓallin na'urar samar da sigina da hannu kana rubuta sakamako a takarda, kuma kana so laftof ya karɓi wannan aikin. Ana yi, ba wata wahala. Sai dai ba ka faɗi sunan na'urar da lambarta ba, alhali rabin amsar a nan take.

Juya bayanta ka dubi kafofin. Idan USB ce, ka nemi mai kusurwa huɗu irin ta firinta. Shimfiɗaɗɗiyar da ke gaba ta filashi ce, ba ta magana da kwamfuta. Idan akwai kafar LAN, wato ta kebul ɗin intanet, ita na fi so, domin ba ruwanka da direba, manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura: ka haɗa kebul kai tsaye, ka ba na'urar adireshi 192.168.1.10, laftof kuma 192.168.1.11. In kuwa tsohuwa ce mai faffaɗar kafa mai fil 24, wannan GPIB ce, wadda Hewlett-Packard suka ƙirƙiro, ta zama ƙa'idar IEEE 488 a 1975. Tana aiki lafiya lau har gobe, amma mahaɗinta zuwa USB yana da tsada, kuma ni dai ban taɓa cin karo da shi a shagunan Katsina ba, sai dai a yi oda.

Na'urorin Keysight da Rigol da Siglent suna jin wani yare mai suna SCPI, wanda aka fitar a 1990. Rubutu ne kawai kake tura mata. Sa yaren rubuta shiri na Python da PyVISA a laftof, tare da NI-VISA ko pyvisa-py; su ne manhajojin da ke kai rubutun ga na'urar. Daga nan kada ka rubuta komai sai wannan tambaya guda: *IDN? Za ta amsa da sunan kamfani, lambar samfuri, lambar siriyal da sigar manhajarta. Muddin ba ka ga wannan layin a allonka ba, kada ka fara rubuta shirin gwaji. Ɗalibai da yawa sun zo shagona da shiri mai tsawo suna neman kuskure a cikinsa, ashe ko gaisawa laftof da na'urar ba su yi ba. Galibi abin da ke hana amsa ƙarami ne: ba a sa alamar ƙarshen layi, wato \n, a bayan umarnin ba, sai na'urar ta yi ta jira. A LAN kuma matsalar takan zama lambar ƙofa (port) da ke tafiya tare da adireshin: Keysight 5025, Rigol 5555.

Da ta amsa, saura mai sauƙi ne. A Keysight da Rigol, FREQ 1000 ya ba ka firikwensi na hartiz 1000, VOLT 2 ya saita ƙarfin siginar, OUTP ON ya buɗe fita. Masu tasha biyu, wato kafofin fitar da sigina biyu, sukan so ka ambaci tashar, don haka ka duba littafin umarninta. Bayan kowane umarni da ka yi shakka, tura SYST:ERR? ta faɗa maka abin da ba ta gane ba. Kuma in ka ga maɓallan gaba sun daina aiki, ba lalacewa ta yi ba, laftof ne ke riƙe da ita, danna maɓallin Local.

To amma ina zargin taka irin masu arahar nan ce, FY6900 ko JDS6600, don su suka fi yawa a hannun ɗalibai. Waɗannan ba su san SCPI ba, ko ka tura *IDN? shiru za ka ji. A cikinsu akwai guntun CH340, sai ka sa direbansa, na'urar ta fito a laftof a matsayin kafar COM, ka buɗe ta da pyserial, wata manhajar Python, a gudun 115200, ka bi umarnin da kamfanin ya rubuta nasa na kansa. Lambar COM ɗin takan canza in ka canza kafa, ka lura.

Ga wurin da nake so ka natsu. Turjiyar fitar na'urar om 50 ce. Idan an saita ta tana zaton kaya mai om 50 ne a gabanta, kai kuma ka haɗa ta da osiloskop, na'urar da ke nuna sigina a allo, ko filta mai babbar turjiya, ka ce VOLT 2, za ka ga 4 a allo. Na ga wanda ya zana jadawali sukutum a kan wannan ninkin. A Keysight OUTP:LOAD INF ke gyara shi. Ko da ka gyara, ka riƙa auna shigar filtar da fitarta duka biyu, ka raba fitar da shigar, kada ka dogara da abin da ka umarta.

Sannan kwamfuta ta fi na'urar sauri nesa ba kusa ba. Bayan ka canza firikwensi, ba ta kamar rabin daƙiƙa kafin ka ɗauki awo, in ba haka ba sakamakon baya za ka rubuta a layin gaba.

Batun wuta kuma, ka san halin da muke ciki. Shirin ya riƙa adana kowane awo a fayil nan take, kada ya tara sai ƙarshe. Idan kana kan janareta, cire cajar laftof ya yi aiki da batir, domin hayaniyar lantarki ta cajar na bin kebul ɗin USB ta shiga awonka. A yawancin masu arahar, ƙarfen bakin BNC, wato kafar da sigina ke fita, haɗe yake da ƙasan (ground) USB, saboda haka kada ka kuskura ka maƙala shi a da'irar da ke jone da wutar gida kai tsaye; da na'urar da laftof duk za su tafi.

Turo hoton bayanta da na lambar da ke jikinta a nan cikin guruf, in rubuto maka layukan farko. In kana kusa da Ƙofar Ƙwaya, ka biyo da ita ranar Asabar bayan La'asar mu gwada tare.